Rayuwar Ɗigau, Mutumin da Ya Hana Yadi Jiƙewa

Haihuwa da asali

An haifi marigayin, wanda abokan aiki da iyali suka fi sani da laƙabin Ɗigau, a cikin daminar shekarar 1950, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, a unguwar da ke bayan garejin motoci. Mahaifinsa mai gyaran lema ne da ɗinkin tamfol, mahaifiyarsa kuwa wanki take yi wa makanikai, shi ne kuma na uku cikin 'ya'yansu biyar. Mutane ne masu rufin asiri, ba a taɓa jin sun kwana da yunwa ba, sai dai gidan ya rasa abu biyu tun kafuwarsa, wato wuri busasshe da hannu lafiyayye. Gidan yana cikin kwari, ruwan wanki na kwance a tsakar gida rani da damina, igiyoyin shanya sun ratsa ko'ina har sai mutum ya sunkuya kafin ya kai ƙofar ɗaki. Kayan makanikai kuma ba sa jin sabulu sai an haɗa da soda da ruwan zafi, saboda haka yatsun mahaifiyar suka tsattsage, har ya zama in ta shafa kan ɗanta gashinsa kan maƙale a cikin tsagar.

A bayan gidan, inda ruwan wankin ke malala, gwaza ya tsiro da kansa. A nan ne yaron ya fara lura da abin da ya zama sana'arsa: ruwa mai dauɗa kan fantsama a kan ganyen gwazan, ya dunƙule kamar ƙwayar ƙarfe, ya gangara ya faɗi, ganyen ya tsaya fes kamar ba a taɓa shi ba. Da ya tambayi mahaifinsa dalili, sai ya ce masa Allah ne ya shafa wa ganyen kakin da ya fi wanda shi yake gogawa a bakin ɗinkin tamfol. Mahaifiyar kuwa ta ce da za a sami telan da zai ɗinka wa makanikai riga da ganyen nan, da ita ma ta huta ta ga yadda tafin hannunta yake.

Karatu

An sa shi makarantar firamare a shekarar 1957, ya wuce makarantar koyon sana'a a 1964, sannan a 1969 ya sami shiga kwalejin kimiyya da fasaha, inda ya karanci ilimin sinadarai a sashen rini da gyaran yadi. Ɗalibi ne mai natsuwa, ba mai saurin fahimta ba, amma abin da ya riƙe ya riƙu. A kwalejin ne ya fara ɗora ganyen gwaza ƙarƙashin na'urar ƙara girman abu, ya tarar ashe ganyen ba sumul yake ba kamar yadda ido ke gani. Cike yake da 'yan tuddai ƙanana, kowanne lulluɓe da kaki, iska na zaune a tsakaninsu. Ɗigon ruwa in ya sauka, a kan tuddan yake tsayawa, ba ya samun wurin kamawa, sai ya mirgina ya kwashi ƙurar da ya tarar ya tafi da ita.

Tun daga lokacin ya riƙa yawo da ɗan bututun ɗiga ruwa, irin na maganin ido, a aljihun gaba. Takalmin aboki, murfin littafi, gashin agwagwa, hular malami in ya ajiye ta, babu wanda bai ɗiga wa ruwa ya tsaya yana kallo ba. Wannan ne asalin laƙabin Ɗigau, wanda ya bi shi har kabari.

A shekarar 1971, saura shekara guda ya kammala, tsagar hannun mahaifiyarsa ta harbu, ciwon ya hau jiki, ta rasu. Bai yi magana mai yawa a kai ba, amma waɗanda suka zauna da shi sun shaida cewa daga nan ba ya iya tsayawa kusa da mai wanki, ko wace ce, ba tare da ya dubi hannunta ba.

Aiki a masaƙa

Ya kama aiki a wata masaƙa a 1972, a sashen ƙarshe, inda ake gyara yadi kafin a naɗe shi. Ɗakin gwajinsa dogo ne, da teburin siminti a jikin bango, da kwalabe a jere, da tanda ƙarama ta busar da yankin yadi, tagoginsa kuma fenti ya liƙe su tun kafin zuwansa. Shekara goma ya yi yana ƙoƙarin kwaikwayon ganye da kaki iri-iri. Ruwa kam yana gangarawa, amma baƙin mai na shiga yadin kamar gidansu, kuma wanki biyu ya isa ya raba yadin da kakin.

A shekarar 1983 masaƙar ta fara sayen wani sinadari mai ɗauke da fulorin, fari ne mai kauri, ma'aikata suka sa masa suna madara. Akan tsoma yadi a ciki, a matse, a gasa shi da zafi, daga nan ruwa da mai duk su zama baƙi a wurinsa. Ranar da Ɗigau ya zuba baƙin mai a kan yankin farko ya ga ya dunƙule ya gangara, ya tsaya yana kallonsa har mataimakansa suka zaci gwajin ne ya ɓaci. Abin da ke rubuce a jikin duron da ake kawo madarar a ciki kawai shi ne a kiyaye kada ya shiga ido. A 1984 aka naɗa shi shugaban sashen, kayan aikin makanikai da na masu dafa abinci da masaƙar ke yi suka yi suna.

Aure da 'ya'ya

Ya yi aure a 1976. Matar da ya aura tela ce, mai zuwa ƙofar masaƙa sayen ragowar yadi, mace mai fara'a da saurin baki. Tela yake kiranta har tsufansu, ita kuwa Malam take ce masa, in ya ba ta haushi ta ce Malam Ɗigau. Allah ya ba su ɗa namiji a 1977, mace a 1979, namiji a 1982, sai Auta, mace, a 1985.

Gidansu ɗaki uku ne a saman bene, da baranda ƙarama inda ake wanki. A wannan baranda ya riƙa ganin matarsa tsugune gaban baho bayan ta wuni a kan keken ɗinki, abin kuma ya riƙa cin ransa. Masaƙar ta yarje wa ma'aikata su kwashi abin da ya saura a gindin duro, wasu na shafa wa takalmi, wasu rumfar shago. Shi sai ya riƙa kawo tasa madarar gida a galan. Ya fara da jakunkunan makarantar yara da ƙyallen tebur, da Tela ta ga miya ta zube an share da yatsa ɗaya, ta ce ashe auren mai ilimi yana da rana.

Lokacin da take ɗauke da cikin Auta, ya ƙudurta cewa wannan karon ba za ta yi wankin jarirai kamar na baya ba. Ya tsoma shimfiɗun jaririyar, da rigar katifarta, da ƙyallayen wuya, da labulen gadonta. Da yake maganin ba ya kamawa sai da zafi, Tela ce ta goge su duka da dutsen guga a cikin ɗaki, tururin na tashi a fuskarta, tana cewa warinsa kamar sabuwar mota. A cikin waɗannan kaya Auta ta girma. Akwai shimfiɗa guda shuɗiya da ba ta barci sai ta sa gefenta a baki tana tsotsa, haka ta yi har ta shekara huɗu. Maƙwabta na zuwa kallo, wasu na roƙo a tsoma musu nasu, yana tsoma musu in akwai saura. Babu wanda ya ga aibu a ciki, shi ma bai gani ba.

Shekarar 2001

A farkon 2001 wakilin kamfanin da ke sayar musu da madarar ya zo masaƙa, aka tara shugabannin sassa a ofishin manaja. Ya ce za su daina yin wannan nau'in, za su kawo wani. Da aka matsa masa da tambaya, ya ce bincike ya gano irin waɗannan sinadarai a jinin ma'aikata da na mutanen da ba su taɓa shiga masana'anta ba, ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, in sun shiga jiki kuma sukan yi shekaru kafin su ragu, ana kuma zargin suna taɓa ƙoda da hanta. Manajoji suka shiga maganar odar da ke hannu. Ɗigau ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Jariri fa, in ya tsotsi yadin?"

Wakilin ya yi murmushi ya ce, "Ai ba kayan jarirai kuke yi ba, ranka ya daɗe. Wa zai sa wa jariri kayan makanikai?"

Ɗigau ya tashi ya fita. Ya koma gida da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya bi ɗaki-ɗaki da bututunsa yana ɗiga ruwa a kan duk wani ƙyalle, wanda ruwa ya gangara a kansa ya ware shi gefe. Yawancin kayan Auta an daɗe da bayar da su ga dangi, shuɗiyar shimfiɗar kuwa ya same ta a kan teburin guga. Sai kuma ya rasa inda zai kai su, domin ƙonawa na sa hayaƙi, binnewa na kai wa rijiya, zubarwa a kwata na kai wa kogi. A ƙarshe ya cusa su a duro ya liƙe, ya mayar masaƙa. Da ya gaya wa Tela, ta daɗe tana kallon hannuwanta, sannan ta ce rashin sani ya fi dare duhu, tare suka yi, kada ya ɗauka shi kaɗai. Amma shi kaɗai ɗin ya ɗauka.

Auta tana da shekara goma sha shida a lokacin, lafiyarta ƙalau. Ya kai ta asibiti, likita ya ce ba su da na'urar auna sinadarin kansa, sai dai a riƙa duba ƙoda da hanta da kitsen jini. Ya tambaya ko zai cutar da ita, likitan ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba. Daga nan, kowace shekara in damina ta kusa, sai ya ɗauki rana a wurin aiki ya raka ta gwaji, ya zauna a benci da takardar layi a hannu. Sakamako na fitowa lafiya, ya yi hamdala, kafin wata ya zagayo ya fara tunanin na baɗi. Ciwon kai in ya kama ta, ko ta ce bayanta, ranar ba ya cin abinci.

Ita kuwa ta mai da abin wasa. Yayyenta suka sa mata Tamfol, ita ma in hadari ya taso takan ce a ba wani lemarta, ita ruwa ba ya kama ta, Baba ya riga ya gama mata aiki. Yakan yi ƙoƙarin dariya, domin ya fi so ta yi wasa da ta ji tsoro.

Komawa ga ganye

Sabon sinadarin da aka kawo ɗan'uwan na farko ne, Ɗigau bai yarda da shi ba. A 2002 ya nemi a sauke shi daga shugabanci a bar shi da ɗakin gwaji, aka amince. Ya dasa gwaza a bokitai a bayan ɗakin, ya koma inda ya tsaya shekara ashirin da suka wuce. Ya fahimci cewa a da kakin kawai ya kwaikwaya, ya manta da tuddan, saboda haka ya riƙa haɗa garin yashi mai laushin gaske da kakin tsirrai da ɗanko, yana gina wa zaren yadi 'yan tuddai irin na ganyen. Ruwa ya yi biyayya. Matsala biyu suka rage. Ta farko, in an goga yadin tuddan na karyewa, ganye kuwa da yake mai rai ne yakan sake fitar da nasa kakin. Ta biyu ita ce mai, wanda ya fi ruwa saurin bazuwa, yakan silale tsakanin tuddan ya jiƙa zaren.

Ya karanta labarin wani ɗan ƙwaro da ke zama cikin ƙasa mai damshi, wanda fatarsa ke korar har da mai, saboda tuddanta masu faɗin kai ne kamar buɗaɗɗiyar lema, mai ba ya iya zagaya bakinsu ya sauka. Ya yi shekaru yana neman yadda zai yi irin wannan siffa da tandarsa da kwalabensa, bai samu ba, domin aikin na bukatar na'urorin da masaƙar ba ta taɓa gani ba. A 2008 dai aka fara sayar da tamfol da rigunan ruwa da haɗinsa, babu fulorin a ciki. Ya ce a rubuta a jikinsu cewa ruwa kawai suke karewa, mai kuwa sai an wanke. Ya yi ritaya a 2010.

Auren Auta da haihuwarta

Auta ta zama malamar lissafi, ta yi aure a 2011 da wani mai awon filaye. Kafin ɗaurin auren Ɗigau ya kira saurayin gefe ya ba shi labarin madara daga farko har ƙarshe, domin kada a ce an ɓoye masa, saurayin ya ce ya ji ya gani. A 2013 ta haifi 'ya mace. Ya riga ya karanta cewa sinadarin na bi ta nono ya shiga jariri, saboda haka ya iso asibiti da gwangwanin madarar jarirai a leda, ya ajiye a gefen gado, ya roƙe ta kada ta shayar. Likitar da ta karɓi haihuwar ta ce amfanin nono ya fi abin da ake tsoro, kuma abin da suke gaya wa kowa ke nan. Ya ce ai ba kowa ne ya girma a cikin shimfiɗar da ya tsoma ba.

"Baba, so kake in dubi 'yata tana kuka in ce mata nonona guba ne?"

"Ban ce guba ne ba, Auta. Na ce ban sani ba. Wancan karon ma ban sani ba."

Ta ce ta ji, amma za ta shayar, ta kuma shayar har yaye. Bai yi fushi ba, bai sake tayar da maganar ba, sai dai ba ya iya zama a ɗakin in ta ɗauki jaririyar, yakan fita baranda ya tsaya har a gama. Auta ta ɗauki wannan a matsayin ƙyama, ta rage zuwa gida na tsawon watanni, sai da Tela ta je ta ce mata ubanta ba ƙyamarta yake ba, abin da hannunsa ya jawo yake tsoro, sannan ta dawo.

A 2016 aka sami hanyar aika jini wani babban ɗakin gwaji a wata ƙasa, ya sa aka aika na 'ya'yansa huɗu. Sinadarin da ke jinin Auta ya fi na yayyenta nesa ba kusa ba. Likita ya ce adadin na raguwa da kaɗan-kaɗan, mutane da yawa masu irinsa sun tsufa lafiya, wasu kuma ba su tsufa ba. Ya nemi a auna jikanyar ma, Auta ta ce ba za a soki yarinya da allura don a sami lambar da babu maganinta ba. A kan hanyar gida ta ce masa ko ba komai ta zo ta ɗaya a aji.

Rashin lafiya da rasuwa

A 2019 ƙafafunsa suka fara kumbura, aka gano ƙodarsa ta raunana. Likitoci sun ce hawan jinin da ya daɗe da shi ya isa ya jawo haka, ba za su ɗora wa sinadarin ba, ba za su wanke shi ba. Shi bai damu da kansa ba, abin da ya gani a jikinsa shi ne abin da yake jin yana jiran Auta. Aka fara yi masa wankin ƙoda a 2020. A kan kujerar wankin, da bututu a hannunsa, yakan tambayi ma'aikatan jinya shekarun kowace mace da aka kawo, in an ce ta haura hamsin ya ɗan sami sauƙi, in an ce matashiya ce ya kawar da kai. Jikanyar, wadda yake kira uwar gida, takan ce masa ya cika tambaya kamar ɗan sanda.

A makonsa na ƙarshe ya ce wa Auta damina ta kusa, kada ta bari gwajin bana ya wuce. Ta ce masa ya warke tukuna ya zo ya riƙe mata takardar layi, ai ita ba ta san ƙofar ba sai da shi. Allah ya yi masa rasuwa a cikin watan Afrilun 2022, a asibiti, yana da shekara saba'in da ɗaya, Tela na gefensa. Aka yi masa salla a ƙofar gidansa, tsofaffin ma'aikatan masaƙa da makanikan unguwa suka halarta, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar da ke bayan layin dogo. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa abin da ya sani da wanda bai sani ba.

Ya rasu ya bar matarsa, Tela, da 'ya'ya huɗu: babban, direban jirgin ƙasa, ta biyu, ungozoma, na uku, mai gyaran firji, sai Auta, malamar lissafi. Ya kuma bar jikoki goma sha ɗaya.

Bayan rasuwar da wata biyu, Auta na tsaye gaban allo tana koyar da aji, ta ji wani ɗan ciwo a gefen bayanta, irin wanda ta saba ji ta yi tsaki ta wuce. Wannan karon allin ya tsaya a hannunta, ta kasa tuna inda take a lissafin, har wani ɗalibi ya tambaya ko Malama lafiya. Washegari ta je asibiti ita kaɗai, sakamakon ya fito lafiya, amma hankalinta bai kwanta ba. A ranar ta fahimci cewa shekara ashirin da ta yi tana wasa da maganar, ta yi ne saboda akwai mai jin tsoron a madadinta, yanzu kuwa ita za ta ji shi, nata da na 'yarta.